Takobin Da Ya Ɓace A Tokyo

A watan Disamba na 1945, bayan an ci Japan da yaƙi, Tokugawa Iemasa ya kai takubban gidansu ofishin 'yan sanda na Mejiro a birnin Tokyo, domin sojojin mamaya sun ce a miƙa makamai. A cikinsu har da Honjo Masamune, aikin shahararren maƙerin nan Masamune, wanda gidan Tokugawa ya gada kaka da kakanni. A 1946 aka damƙa takubban ga wani soja. Har yau ba a sake jin ɗuriyar Honjo ba.

Abin da masana ke tsoro shi ne ya faɗa hannun mai son ƙyalƙyali. Tsohon takobin Japan ba a kai wa mai washin wuƙa shi, ba a kuma taɓa ruwansa da yatsa, sai dai a riƙa shafa masa ɗan mai. Gindinsa da ke ɓoye cikin ƙota kuwa, ko kusa ba a goge shi, domin baƙar tsatsarsa ce ke nuna shekarunsa, nan ne kuma maƙeri kan sa sunansa.

Honjo ma ba suna a jikinsa, gama an taɓa rage tsawonsa. Sai a gane shi ta zanen da wuta ta bari a bakinsa, wanda mugun washi kan ɓata.