Lambun Gida: Mu Shuka Abin Da Ƙasarmu Ke Iya Riƙewa

Duk wanda ya zagaya sababbin unguwanni a Kano ko Zariya ko Katsina zai ga wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare. Mutum ya gina gida, ya shimfiɗa koriyar ciyawa irin ta Ingila a farfajiya. Da damina abin gwanin ban sha'awa. Amma kafin watan Maris ya raba, sai wurin ya koma ƙura, domin mai gida ya fita aiki da sassafe, bai dawo ba sai almuru. Ra'ayinmu shi ne, tun ranar da aka tsara lambun aka yi kuskuren.

Bari mu yi ɗan lissafi. A Ingila ruwan sama yana zuba a kowane lokaci na shekara. A Kano kuwa, yawancinsa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, sannan a shafe wajen wata bakwai ba ruwa. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu a matsayin tururi, rana kuma tana shanye na ƙasa. Da bazara, filin ciyawa yana iya rasa milimita 5 ko fiye a yini. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Ke nan fili mai murabba'in mita 50 yana neman lita 250 kullum, wato jarka goma ta 'yan garuwa. Wane ma'aikaci ne zai jure wannan, a garin da ruwan sha ma sai an saya?

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A shekarar 1981, hukumar ruwa ta birnin Denver a Amurka ta fara koya wa mazauna birnin tsara lambu mai tsimin ruwa: a rage filin ciyawa, a zaɓi tsirrai masu jure fari, a haɗa masu buƙatar ruwa iri ɗaya wuri guda, a kuma rufe ƙasa. Abin lura shi ne, iyayenmu sun daɗe da sanin yawancin wannan.

Da farko, a zaɓi abin da zai rayu ko an yi mako ba a waiwaye shi ba. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa da ƙamshi, ganyensa kuma na ƙunshi. Zogale yana saurin girma, ganyensa na ɗauke da sinadaran gina jiki da ƙarfe da bitamin A, in an datse kansa kuma sai ya yi rassa daidai hannu. Darbejiya tana ba da inuwa har cikin rani, sai dai a nisanta ta da katanga da masai saboda saiwarta. Masu son ruwa, irin su gwanda da lemun tsami, a ajiye su kusa da inda ake alwala.

Na biyu, a gyara ramin shuka. Manoman yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa a kan fako, su zuba taki a ciki, ramin ya tare ruwan sama. Dabarar za ta yi aiki a tsakar gidan da ƙasarsa ta daddage.

Na uku, a lulluɓe gindin shuka da busassun ganyaye ko ɓawon gyaɗa, ba tare da sun taɓa jikin itacen ba. Wannan yana rage ƙafewar ruwa, yana hana haki tsirowa, daga baya kuma ya ruɓe ya zama taki.

Na huɗu, a binne tulun ƙasa har wuya kusa da shuka, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu zuwa saiwa, kamar yadda randa ke naso, a yi kwanaki ba a ƙara ba.

Wani zai ce gidan da ba koriyar ciyawa bai ƙawatu ba. Amsarmu ita ce, shingen lalle mai rai a watan Afrilu ya fi ƙonanniyar ciyawa kyan gani. Gaskiya ne shekarar farko sai an yi ɗawainiya, musamman kare dashe daga awaki, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, muna kira ga malaman kimiyyar noma da su gwada wannan a makarantunsu. A dasa zogale kashi biyu, ɗaya da tulu da lulluɓi, ɗaya babu, ɗalibai su riƙa auna ruwan da kowanne ya sha da tsawon da ya yi. Ɗalibin da ya gani da idonsa, in ya girma ya gina nasa gidan, zai san abin da zai shuka.