Ɗan rubutun nan mai launin toka

Jama'a, duk wanda ya taɓa cike fom a kwamfuta ya san ɗan rubutun nan da ke zaune dishi-dishi a cikin akwati, yana nuna maka abin da za ka saka. Da ka buga harafi ɗaya, sai ya ɓace. A wasu manhajojin Windows ma danna akwatin kawai za ka yi, shi ke nan ya tafi.

A wurin aikinmu akwai manhajar shigar da bayanan ma'aikata. A akwatin ranar haihuwa, wannan rubutun ne kaɗai ke nuna cewa wata ake fara sakawa kafin rana, irin tsarin Amurka. Mu kuwa tun firamare rana muke farawa da ita. Yaron da ke shigarwa, da fayil sun fi ɗari a gabansa, ya buga 03/11 yana nufin 3 ga Nuwamba. Na'ura ta karɓa a matsayin 11 ga Maris, ko tari ba ta yi ba, tunda duka biyun ranaku ne na gaskiya.

To, ku tuna ana yin ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ashe an ƙara wa wani dattijo kusan wata takwas a shekarunsa, za a sallame shi kafin lokaci. Aka yi ta yi wa yaron faɗa. Ni ban ga laifinsa sosai ba wallahi. Ta yaya za ka duba aikinka da umarnin da ya riga ya gudu?

Ban ce a cire rubutun ba. A akwatin bincike yana da amfani. Amma duk abin da kuskurensa zai taɓa albashi ko fanshon mutum, a rubuta shi a saman akwatin, baƙi ƙirin, ya zauna daram. Wata kuma a bar mutum ya zaɓe shi da sunansa. Ƙa'idojin W3C na shafukan intanet sun daɗe da cewa wannan rubutun ba ya maye gurbin sunan akwati, kuma idon da ke karanta intanet shi ne dai ke karanta manhajar ofis. Ga mu 'yan sama da arba'in, sai mun ɗauko tabarau kafin mu gan shi. Wasu ma ɗauka suke an riga an cike, su wuce.

Dattijon nan ya kawo takardar haihuwarsa har sau biyu. Takardar neman gyara tana kan teburin oga tun makon jiya.