Ƙaryar Masu Cewa A Raba Gari Da Ruga

Ya ku samari da 'yammata 'yan makaranta! Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata magana ce da na ji a bakin wani almajirina, yaro mai hankali wanda ba ya wuce na uku a jarrabawa. Muna cikin darasin labarin ƙasa, na shimfiɗa taswira ina nuna musu dajin Kamuku da na Kuyambana, da hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku ta iso Birnin Gwari, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai Bahaushe da Bafillace sun gama zama tare. Gabarsu ta zama gado. Magani ɗaya ne, a kwashe su duka daga dajin nan, kowa ya kama ƙasarsa." Yara suka yi ta gyaɗa kai. Ban tsawata masa ba, don na san an kashe ƙanen ubansa a gona, na kuma san a bakin manya ya tsinci maganar, a majalisa da tashar mota. Da manyan nan nake jayayya, amma ku nake so ku yi mana alƙalanci, gama ku ne za ku gaji ƙasar.

Kada wani ya ce malamin nan bai san zafin abin ba. Na sani. A shekarar 2012 aka harbe masallata a Dogon Dawa, a 2018 aka auka wa Gwaska aka kashe mutane fiye da 40 rana ɗaya. An bar gonaki sun zama saura, an sayar da shanun huɗa da hatsin rumbu don a fanso 'ya'ya, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar soja. Ban kuwa musa cewa da yawa daga cikin 'yan bindigan nan Fulani ne ba. Wanda ya ɓoye wannan maƙaryaci ne. Abin da na musa shi ne maganin da ake kawo mana, don an taɓa gwada shi a wata ƙasa, an kuwa ga ƙarshensa.

Ku buɗe taswirar duniya ku dubi gabashin Bahar Rum. Can za ku ga ƙasar Girka, ta Yunanawa, da ƙasar Turkiyya, ɗan teku ne tsakaninsu, har akwai tsibiran Girka da mutum zai tsaya a kansu ya hangi gaɓar Turkiyya da idonsa. A shekarar 1453 Sarki Muhammadu Alfatih ya ci birnin Istambul daga hannun Rumawa masu jin Yunananci, Yunanawa suka zauna ƙarƙashin Daular Usmaniyya wajen shekara 400. Cikin wannan zama suna cin kasuwa ɗaya, suna shan gahawa iri ɗaya, wadda har yau wancan ke kira ta Turkawa wannan na kira ta Yunanawa. Mustafa Kamal Ataturk kansa, uban Turkiyya ta zamani, a Salonika aka haife shi, birnin da yau yake cikin Girka. A 1821 Yunanawa suka yi tawaye suka sami 'yanci, daga nan aka shiga yaƙe-yaƙe. Mafi muninsu shi ne na 1919 zuwa 1922, wanda kowane ɓangare ya ƙone ƙauyukan ɗan'uwansa, ya ƙare da ƙonewar birnin Izmir.

To, sai manyansu suka faɗi daidai abin da almajirina ya faɗa. Aka taru a birnin Lozan a 1923, aka sa hannu a kan cewa a yi musayar mutane. Kirista wajen 1,200,000 suka rasa gidajensu na Turkiyya, Musulmi wajen 400,000 aka kwashe su daga Girka. Amma da aka zo rabon, sai aka rasa ma'auni. Kama ɗaya, abinci ɗaya, harshe ya cuɗanya. Sai aka ce a raba da addini. Ashe akwai Kirista a tsakiyar Turkiyya waɗanda Turkanci ne harshensu na gida, aka kai su Girka, mutanen can suna yi musu gorin cewa irin Turkawa ne. Akwai kuma Musulmin tsibirin Kirit waɗanda Yunananci suka tashi da shi, aka sauke su Turkiyya suna baƙi cikin waɗanda aka ce 'yan'uwansu ne. Mutane da yawa suka mutu da yunwa da cuta a sansanin gudun hijira, tsofaffi suka ƙare kwanansu suna begen garin da aka binne iyayensu.

Mai gardama zai ce, to, an sha wuya, amma ai an huta. Ina hutun? A watan Satumba na 1955 wata jarida ta baza labari a Istambul cewa an sa wa gidan da aka haifi Ataturk nakiya a Salonika. Dare ɗaya 'yan tarzoma suka farfasa kantuna da gidaje da majami'un Yunanawan da aka bari a birnin. Daga baya, da aka yi shari'a, sai ta fito fili cewa da hannun Turkawa kansu aka dasa nakiyar, gidan ma kuwa tagogi kaɗai suka fashe. Yunanawan Istambul da suka kai wajen 100,000 bayan musayar, yau 'yan dubbai kaɗan suka rage. A 1974 aka yi yaƙin tsibirin Kubrus, har gobe tsibirin a rabe yake. A 1996 saura ƙiris su gwabza a kan wasu 'yan duwatsu biyu cikin teku, waɗanda ba mai zama a kansu sai awaki. Dalili kuwa a bayyane yake. Sa'ad da maƙwabcinka yake kusa, kana ganin alherinsa da sharrinsa da idonka. In aka ɗauke shi, labarinsa kaɗai zai riƙa iso maka, labarin kuwa daga bakin wanda ya fi ƙinsa zai fito.

Yanzu ku dawo gida ku gwada maganin nan a ƙasarmu. Da wane ma'auni za a raba? Su can sun sami addini sun yi awo da shi. Mu nan alƙibla ɗaya muke fuskanta, sahu ɗaya muke tsayawa ran Jumma'a. Da harshe? Fulani nawa ne ba su jin ko "jam" na Fillanci? Da jini? Wanda uwarsa Bafillatana ce ubansa Bahaushe, sai a tsaga shi biyu? Ku tambayi kakanninku a gida, ku ga gida nawa ne babu auratayya a cikinsa. Sa'an nan ina za a kai su? Wanda aka haifi kakansa a gefen dajin Kamuku, wace ƙasa ke gare shi ban da wannan?

Masu cewa gaba gado ce kuma, sunan garin nan kaɗai ya isa ya kunyata su. Birnin Gwari ake ce masa, dajin da ke bayansa na Kamuku ne, Hausa ake yi a kasuwarsa. A ƙarni na 19 Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim bayansa, sun yi ta kai hari ƙasar Gwari da ta Kamuku suna kamun bayi, har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. In da gaba gado ce, da Bagware da Bakamuke ne suka fi kowa hujja. Ga shi kuwa jikokinsu suna zaune benci ɗaya da ku, kuna aron fensirin juna. Mu ma Hausawa sai mu taka laifinmu kafin mu hango na wani. Mu ne muka sa Gwari cikin Banza Bakwai, mu ne muke ce wa maganar da ba ta fita daidai gwaranci, alhali kuwa hoton Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, shi ne a bayan takardar naira 20 da muke kashewa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Game da abin da ya faru cikin dajin nan kuma, a faɗi gaskiya duka, kada a faɗi rabi. Ɓarayin shanu sun fara da garken Fulani makiyaya, akwai waɗanda suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Akwai Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe a hanyar kasuwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Akwai kuma 'yan cikin gari da suka riƙa kai wa 'yan bindiga mai da burodi da tsegumin wanda ya sayar da masara. Ɓarawo ɓarawo ne ko da wane harshe yake magana. Abin da ya wajaba a kan hukuma shi ne ta kama shi da sunansa, ta kai shi gaban alƙali, ta bi wa marayu hakkinsu. In ka ɗora laifin mutum ɗari a kan kabila guda, mai laifin ka taimaka, don ka ba shi taron da zai ɓuya a ciki, ka kuma tura masa sababbin mabiya daga cikin waɗanda ka zalunta.

Abin da ya taɓa sanyaya zukatan Yunanawa da Turkawa kuwa, shi ma tarihi ya rubuta. Benizelos, shugaban Girka, wanda shi ya tura sojan ƙasarsa Izmir a 1919, shi ne kuma ya tafi Ankara a 1930 ya ƙulla amana, har a 1934 ya ba da sunan Ataturk don a ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya. A 1941, lokacin Yaƙin Hitila, da yunwa ta kama Atina, jirgin ruwa ya riƙa tasowa daga Istambul da abinci. A watan Agusta na 1999 girgizar ƙasa ta kashe mutane fiye da 17,000 a Turkiyya, Yunanawa na cikin na farko da suka iso suna tono mutane daga ƙarƙashin gini. Mako uku bayan haka ƙasa ta girgiza a Atina, Turkawa suka zo suka rama alheri. Ban ce rigimarsu ta ƙare ba, har yanzu suna jayayya kan iyakar teku. Harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba a taɓa jin wanda ya yanke harshensa don haƙori ya cije shi ba.

Mu ma a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe. Sulhun da ba a haɗa shi da adalci ba lalle ba ya daɗewa, wannan kuwa nauyi ne a wuyan hukuma. Amma akwai nauyin da ke wuyanku. In kun ji labari a tasha ko a waya cewa kabila kaza ta yi kaza, ku tuna da nakiyar Salonika, ku tambaya wa ya gani da idonsa kafin ku kai shi gaba. In an zagi wani yaro a ajinku da sunan kabilarsa, kada ku yi dariya. Ku koyi gaisuwa da Fillanci da Gwaranci, ba za ta rage muku kome ba. Almajirin nan nawa kuwa, na ba shi aikin gida ya rubuto mini sunayen kakanninsa huɗu da asalin kowannensu. Ku ma ku gwada, sa'an nan ku rubuto wa Edita abin da kuka samu. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.