Zare: dubu 850 na "kariyar fenti da kujeru" a sabuwar mota, a biya ko a bari?

1/ Jama'a ku matso. Watan jiya na raka Yayana Abuja ɗauko mota, sabuwa dal, ta farko a rayuwarsa da ba wani ya fara hawa ba. Shekara shida yana tari. A teburin biya saura ƙiris ya ƙara naira dubu 850 a kan abin da bai taɓa jin sunansa ba sai ranar. Zaren da ɗan tsayi, a yi haƙuri 🧵

2/ An gama ciniki, an sha ruwa, har an ajiye makulli a gabansa. Sai ma'aikacin ya turo wata takarda: "Yallaɓai, saura kariyar fenti da kujeru. Shekara biyar ba ruwanka da dusashewa, ba ruwanka da tabo. Duk manyan kwastomominmu suna yi." Na ga Yaya ya ɗauki biro.

3/ Lokacin da aka zaɓa ma abin lura ne. Mutum ya gama furta miliyoyi da bakinsa, dubu 850 sai ta zame masa kamar canjin biredi. Ni kuwa da nake gefe, lissafin da nake yi daban: kuɗin nan ya fi kuɗin makarantata na shekara, har da na ɗaki da na hannu.

4/ Na ce, "Yaya, don Allah a ba ni minti biyar." Ya harare ni, ya ce, "To ɗan boko, bismillah." Kemistiri nake karantawa, aji uku, kuma wallahi ranar ce karatun ya fara yi wa gidanmu amfani 😅

5/ Ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ku da nisa: a mafi yawan lokuta wannan kunshin da dila ke liƙawa a ƙarshen ciniki bai kai kuɗinsa ba. Kayan da ake shafawa suna aiki daidai gwargwado. Farashin da alkawarin da ake ɗora musu ne suka fi ƙarfinsu.

6/ Mu fara da fentin kansa. Sabuwar mota ba tsirara take fitowa daga masana'anta ba. Ana tsoma gangar jikin a ruwan maganin tsatsa da lantarki, a bi da shafin share fage, sannan launi, sannan wani shafi na ƙarshe mara launi mai ƙyalli. Ana gasa shi a zafin da ya kai kusan digiri 140.

7/ Wannan shafin na ƙarshe shi ne garkuwar. A cikinsa ake zuba sinadaran da ke tare hasken rana mai cin launi. Kaurinsa kamar maikron 40 zuwa 50, wato bai ma kai kaurin silin gashi ba. Duk abin da dila zai shafa, a kan wannan zai shafa shi, kuma a bayan shago, ba tanda ba komai.

8/ Sai na tambayi mutumin: me za ku shafa? Ya ce "nano". Na ce nano ɗin me, wane kamfani, a nuna mana kwalbar. Ya ce sai ya tambayi yaran baya. Abu uku ake sayarwa da sunan "kariyar fenti", kuma tazarar da ke tsakaninsu kamar ta keke da tirela ce.

9/ Na farko man shafawa ne irin na folish, a goga a goge. Mota ta yi sheƙi, ruwa ya riƙa gangarewa. Watanni kaɗan ya wanke. Kwalbarsa na nan a shagunan kayan mota, kai da kanka za ka shafa ranar Asabar da safe.

10/ Na biyu shi ne siramik, ruwa ne mai sinadarin silika da ke daskarewa a kan fenti. In na gaske ne kuma an shafa shi da kyau, yana iya yin shekaru. Yana sa datti ya rage kamawa, wanki ya yi sauƙi, kashin tsuntsu ya ɗan jinkirta kafin ya ci fenti. Amma kaurinsa maikron ɗaya ne ko biyu. Tsakuwa ba ta ma san yana wurin ba.

11/ A nan ne ake yawan rufe mana ido da "9H". Mutumin ma ya faɗa, har da buga tebur, wai taurin lu'ulu'u. Wannan 9H ma'aunin fensir ne, irin su HB da 2B da muka yi zane da su a firamare. Ma'anarsa fensir mafi tauri bai karce shi ba a gwaji. Ma'aunin taurin duwatsu daban ne, a can lu'ulu'u 10 ne, ƙwayar yashi kuma 7. Yashi ya fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba.

12/ Me ya kawo maganar yashi? Hunturu. Ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Ta haɗu da ƙurar titunanmu ta kwanta a kan bonet. Sai mai gadi ya zo da busasshen tsumma da kyakkyawar niyya ya share. Kamar ya bi motar da takardar gurza katako ne.

13/ Ku je ku duba baƙar mota a rana tsaka, za ku ga wasu siraran zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Aikin tsumma ne da soso mai yashi. Da siramik da babu, in haka ake share motar, zanen zai fito.

14/ Na ukun shi ne kaɗai ke tare duka: leda ce mai kauri mara launi da ake liƙawa, ana ce mata PPF. Kaurinta kamar maikron 150 zuwa 200. Ita kam tana tare tsakuwar da tirela ke watsowa a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tana da tsada, tana kuma son gwani, shi ya sa da yawa gaban mota kawai suke wa: bamba, bonet, madubai.

15/ Da yaron baya ya zo da kwalbar, na farkon ne. Ba siramik ba, balle leda. Dubu 850.

16/ Kujeru fa? Feshi ne da ke sa ruwa ya tsaya a kan yadi na ɗan lokaci kafin ya shige. Tsohuwar fasaha ce. Patsy Sherman da Samuel Smith na kamfanin 3M suka samar da Scotchgard, aka fara sayar da shi a 1956. A 2000 kamfanin ya sanar zai daina amfani da sinadarin PFOS da ke cikinsa, saboda ba ya ruɓewa kuma yana taruwa a jinin mutane, daga baya aka sauya haɗin.

17/ Feshin na ba ka 'yan mintuna ka ɗauko tsumma in shayi ya zube. Iyakarsa ke nan. Zama da tashi na cinye shi, wanki na cinye shi. Zoɓon da ya kwana a kujera cikin zafin Afrilu, ko miyar manja da ta tsiyaye daga kula a hanyar biki, kada ma ku sa rai. Kuma gwangwanin feshin a kanti yake, minti ashirin ka gama kujerun duka.

18/ Mutumin ya ga kwalba ba ta taimake shi ba, sai ya koma kan garanti: "Ai takardar kuke saya, ranka ya daɗe." Madalla, a kawo takardar. Na zauna na karanta ta layi-layi, Yaya na ta duba agogo.

19/ Abin da ke ciki: ba ta ɗauki karce ba. Ba ta ɗauki tsakuwa ba. Ba ta ɗauki gogar wata mota ba. Ƙuna da yagewar kujera babu. Tabo sai an kai rahoto cikin 'yan kwanaki. Sannan dole a riƙa dawo da motar Abuja duk wata shida a "sabunta", in an tsallake sau ɗaya garantin ya mutu. Yaya a Kano yake zaune.

20/ To me ke ɓata fenti a Kano in ba ɗan adaidaita sahu da ya goge ka a danja ba, da yaran unguwa masu rubuta sunansu a ƙura, da ƙofar gareji? Duk abin da zai faru da motar da gaske an cire shi. Abin da ya rage shi ne dusashewar da sabon fenti ba ya yi a shekarun farko dama, kuma lahanin fenti daga masana'anta yana ƙarƙashin garantin kamfanin motar, wanda an riga an biya shi cikin farashi.

21/ Wannan sana'ar ba a nan aka ƙirƙire ta ba, daga Amurka da Ingila aka kwaso ta. A can akwai ofishi na musamman da ake shigar da mai saye bayan an gama ciniki, nan ake jera masa ƙarin kaya, sau da yawa a cusa su cikin bashin motar ya yi shekaru yana biya da ruwa. Wanda ya kalli fim ɗin Fargo na 1996 zai tuna rigimar TruCoat, irin wannan shafin ne.

22/ Abin ya yi yawa har hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta fitar da doka a Disamban 2023 don hana dilolin mota cajin ƙarin kayan da ba su da amfani. Cikin misalanta har da sayar wa mai motar lantarki kwangilar canjin baƙin mai 😭 A Janairun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar saboda hukumar ta tsallake wani mataki wajen yin ta. Ko a can ɗin, mai saye ne ke tsaron aljihunsa.

23/ Na san akwai masu shagon gyaran jikin mota a nan, kafin ku cika min akwati: ban ce sana'arku banza ba ce. Wanda ya ƙware, ya wanke mota, ya gyara fentin, ya shafa siramik na gaske a ɗaki mara ƙura, ya bar shi ya bushe, ya ci kuɗinsa. Aikin yini ne ko biyu. Namu cewa aka yi mu je mu yi sallah mu ci abinci, kafin mu dawo an gama.

24/ Kuma akwai wanda abin zai yi wa rana. In kullum kana kan babbar hanya, leda a gaban mota ta fi sake fentin bonet, don fentin gareji da wuya ya yi daidai da na kamfani, kuma ranar sayarwa dillali na ɗora hannu zai ce "an taɓa ta" ya zabge farashi. In motarka baƙa ce kuma ƙyalli na damunka, siramik zai rage maka wahalar wanki. Amma ka fita da motarka tukuna, ka zaga, ka ji farashi wuri biyu ko uku, ka ga aikin da suka yi wa wasu. Motar ba za ta lalace a sati ɗaya ba.

25/ Da Yaya ya ajiye biro ya ce a bari, mutumin ya fita ya dawo: manaja ya ce saboda mutunci a bar shi dubu 500. Muka miƙe, ya biyo mu har bakin ƙofa da dubu 300. Yaya ya kalle ni ya ce, "Kai, ashe haka abin yake?" Daga 850 zuwa 300 a minti goma, kuma na tabbata ko a hakan da ribarsu.

26/ Abin da aka yi da wani ɓangare na kuɗin: an kafa rumfar kwano a tsakar gida, don da a gindin dalbejiya za ta riƙa kwana, tsuntsaye na aikinsu a kai. Kashin tsuntsu in ya bushe a rana yana barin tabo a shafin ƙyallin nan, gara a jiƙa shi a cire da wuri. An ɗinka rigunan kujeru. An sayi sabulun wankin mota da tawul masu laushi da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso.

27/ Mafi wahala shi ne shawo kan mai wankin unguwarmu. Na ce, "Malam, don Allah a fara watsa ruwa ƙurar ta sauka kafin a sa soso, kuma ban da omo." Omo na wanke duk wani man da aka shafa, kuma sosonsa ɗaya ne na taya da na jiki. Ya ce shekara ashirin yana wanki ba a taɓa koya masa ba sai yau. Mun daidaita da ƙarin naira 500 a kowane wanki.

28/ Satin da ya wuce 'yar Yaya ta juye kunun aya a kujerar baya. Aka cire rigar aka wanke, shi ke nan. Shekaranjiya kuma ɗan sahu ya gogi bambar baya a wajen Kantin Kwari. Yaya ya kira ni rai a ɓace, yana cewa da an yi kariyar nan da ba haka ba. Na tura masa hoton layin takardar da ya cire karce da gogar mota. Ya karanta, ya turo min "hmm", har yanzu bai ƙara komai ba.

29/ Rigimar da ta rage a gidan yanzu ita ce ledar da ke kan matashin kujerun gaba. Na ce a cire, zafi take tarawa. Ya ce sai bayan Sallah, sai kowa ya gani.