Lambar yabon masu gabatar da shirye-shiryen talabijin: Wa ke auna masu aiki da Hausa?

A shekarar 2017, Amina Yuguda, mai gabatar da labarai a tashar Gotel da ke Yola, ta lashe lambar yabo ta Komla Dumor. BBC ce ta ƙirƙiro lambar a 2015 don tunawa da ɗan jaridar Ghana da ya rasu a 2014, kuma wanda ya ci yakan yi watanni uku yana samun horo a Landan. Nasarar ta faranta wa Arewa rai, sai dai gasar na da sharaɗi: dole mai nema ya ƙware a Turanci.

A nan gizo ke saƙar. Mai kallo a Bazaga ko Malbaza da ke yankin Ƙonni a jihar Tahoua, idan ya kunna akwatinsa, abin da ya fi shiga kunnensa shi ne labaran Hausa na Télé Sahel, ko shirin "Gari Ya Waye" na tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014. Waɗannan ne ke fassara masa maganar farashin hatsi, da tsaro, da halin da iyakar Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato ke ciki. Amma manyan gasannin da ake ji da su, da Turanci ko Faransanci suke auna gwaninta.

Lamarin ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Ga shi kuma an dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, sannan aka dakatar da Maison de la Presse, inuwar ƙungiyoyin 'yan jarida, a Janairun 2024. Kafofin da mai kallo zai kwatanta labari da su sun ragu, don haka kuskuren mai gabatarwa ɗaya na iya zama gaskiyar gari guda.

Idan ba alƙalai, Facebook da TikTok ne ke yanke hukunci, kuma a can yawan mabiya da kwalliya ake ƙirgawa. Ma'aunin aikin kuwa daban ne: shin fassarar da ya yi daga Faransanci ta riƙe ma'anar asali? Idan babban baƙo ya kauce wa tambaya, ya sake yi masa ita? Ya bambanta sanarwar hukuma da labarin da aka tabbatar? Idan ya yi kuskure, ya gyara a gaban jama'a?

Nijar na bikin ranar 'yancin 'yan jarida ta ƙasa kowace 30 ga Nuwamba. Gasar Hausa da za a kafa a wannan rana, da alƙalai daga malaman jarida da masana harshe, waɗanda za su bayyana dalilin zaɓinsu a fili, za ta nuna wa matasa masu sha'awar aikin abin da ake nema a wurinsu tun kafin su zauna gaban kyamara.