Direbobin UPS da ƙunshin da ake miƙa wa gidan wayar Amurka

Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan wata taƙaddama a Amurka, wadda shafukan labaran ƙetare kan dunƙule a layi guda, wai kamfanin UPS ya rage ma'aikata. Ƙarƙashin wannan layi akwai sa-in-sa ta fiye da shekara goma tsakanin direbobin kamfanin da shugabanninsu, kan wanda ya kamata ya kai ƙaramin ƙunshi ƙofar gida: direban kamfani ko ma'aikacin gidan waya.

UPS, wanda aka kafa a birnin Seattle a 1907, yana cikin manyan kamfanonin kai saƙo na duniya, kuma ko yaro a Amurka ya san motocinsa da kayan direbobinsa masu launin ruwan ƙasa. A 2011 ya fito da wani tsari mai rahusa mai suna SurePost. Ɗan kasuwa zai ba kamfanin kaya, tireloli su yi dakonsa daga jiha zuwa jiha, amma da an iso yankin mai kayan sai a zuba ƙananan ƙunshin a buhuna, direba ya sauke su a gidan wayar unguwa. Daga nan ma'aikacin gidan waya zai haɗa su da wasiƙu ya raba gida-gida. Abokin hamayyarsa FedEx ya riga shi yin irin wannan da sunan SmartPost.

Lissafin kamfanin ba ɓoyayye ba ne. A harkar kai saƙo, zangon ƙarshe ya fi kowanne cin kuɗi. Tirela guda tana kwasar dubban ƙunshi ta yi tafiyar dare, amma a unguwa sai mota ta tsaya, direba ya sauko, ya taka zuwa ƙofa, ya komo, duk saboda safa ƙafa biyu ko murfin waya da wani ya saya ta intanet. Gidan waya kuwa dama can yana zagaya adireshi sama da miliyan 160, kwana shida a mako, ko da kaya ko babu. Ga kuma wata doka ta 1934 da ta hana kowa saka saƙo a akwatin wasiƙun da ke bakin gidajen mutane in ba ma'aikacin gidan waya ba. Wanda zai bi ta ƙofar ko ta yaya, ƙara masa ƙunshi ɗaya ba wani nauyi ba ne a aljihun kamfani.

Direbobi ba haka suke kallon abin ba. Su 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ne, wadda ke wakiltar ma'aikatan UPS kusan 340,000 a lokacin da aka yi yarjejeniyar 2023, kuma a wurinsu duk buhun da aka sauke a gidan waya aikinsu ne aka ba wani. Buhu guda na iya ɗauke da kayan gidaje da dama. Idan irin waɗannan buhuna suka taru, layin mota guda ya tafi ke nan, kuma wanda zai ji a jikinsa shi ne ma'aikacin wucin gadi da ke loda kaya da asuba a rumbun kamfani, yana jiran shekaru a buɗe gurbin direba. Wannan batu na guraben cikakken aiki tsohon miki ne a UPS. Shi ne ƙashin bayan yajin aikin watan Agustan 1997, lokacin da ma'aikata 185,000 suka ajiye aiki na kwana 15 a ƙarƙashin jagorancin Ron Carey.

Saboda haka ƙungiyar ta sa aka rubuta iyaka a cikin yarjejeniyarta da kamfanin. Ƙunshin da za a miƙa wa gidan waya kada ya wuce nauyin kusan kilo huɗu da rabi, kada girmansa ya zarce wani awo, kuma ya kasance na gidajen zama ne. Sai dai rubuta doka daban, binta daban. Direbobi sun sha kai ƙorafi wurin wakilan ƙungiya cewa sun ga manyan kwalaye cikin kayan gidan waya. Wani abin da ya fi ba su takaici shi ne direba ya tsaya a ƙofar wani gida ya ajiye ƙunshi, alhali wani ƙunshin na gidan nan yana bayan motarsa a cikin buhu, za a kai shi gidan waya ya kwana. Daga baya kamfanin ya sa kwamfutarsa ta riƙa zaƙulo irin waɗannan, ta bar wa direba ƙunshin idan dama yana da tsayawa a gidan ko kusa da shi.

Sai maganar laifi. Mai saye ya ga sunan UPS a takardar kayansa, lambar bin sawu ta nuna masa an miƙa wa gidan waya, daga nan sai shiru na kwana ɗaya ko biyu. Idan kayan ya makara, ko aka ajiye shi a gidan maƙwabci, ba shi da wanda zai tare a bakin titi sai mai rigar ruwan ƙasa da ya saba gani kullum. Direban bai ga ƙunshin ba tun da ya sauke buhu, ba shi da amsar da zai bayar, amma shi zai sha faɗan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A bazarar 2023 ƙungiyar, ƙarƙashin shugabanta Sean O'Brien, ta kai kamfanin gab da yajin aiki kafin a sasanta a ƙarshen watan Yuli. Ma'aikata suka amince da yarjejeniyar ta shekara biyar da ƙuri'a kashi 86 cikin ɗari. An fi yayata ƙarin albashi, wanda zai kai babban direba dala 49 a awa, da sanya na'urar sanyaya iska a sababbin motoci. Amma a ciki har da ƙara matse girman ƙunshin da za a iya miƙa wa gidan waya, da ƙara yawan wanda za a dawo wa direbobi, da alkawarin sababbin guraben cikakken aiki 7,500.

Abin mamaki, gidan wayar ne da kansa ya jawo ƙarshen tsarin. Louis DeJoy, wanda ya shugabanci hukumar gidan waya daga 2020, yana ganin kamfanoni na cinye tsoka su bar masa ƙashi, domin suna karɓar kuɗin doguwar tafiya su jefo masa zango mai wahala a kan farashi kaɗan. A watan Yulin 2023 hukumar ta buɗe nata tsarin kai ƙunshi mai suna Ground Advantage, sannan a 2024 ta sanar da janye rangwamen da take yi wa masu sauke kaya kai tsaye a ƙananan gidajen waya. Da kwantiragin SurePost ya ƙare a ƙarshen 2024, ba a sabunta shi ba. Shugabar UPS, Carol Tomé, ta ce tsada da fargabar taɓarɓarewar aiki ne suka sa suka janye. Daga watan Janairun 2025 duk kayan ya komo motocin kamfanin, daga baya aka sauya wa tsarin suna zuwa Ground Saver. FedEx ma ya riga ya kwashe nasa, har ya sake masa suna a 2021.

Ƙungiyar Teamsters ta yi murna, ta ce miliyoyin ƙunshi sun dawo hannun 'ya'yanta. Murnar ba ta jima ba. Kayan sun dawo, amma ƙarin ma'aikata bai biyo su ba. A wancan watan na Janairun 2025 kamfanin ya sanar cewa zai rage fiye da rabin kayan da yake ɗauka wa Amazon, babban abokin cinikinsa, kafin ƙarshen 2026. A watan Afrilu ya ce zai rage ma'aikata 20,000 tare da rufe rumbuna da dama, kuma da bazara ta yi ya fara yi wa direbobi tayin kuɗin sallama su ajiye aiki da kansu, abin da ƙungiyar ta ce ya saɓa wa yarjejeniya. Direban da a da yake kukan an ɗauke masa aiki, sai ya koma kukan ƙananan ledoji sun cika masa mota, kowacce da ƙofarta, ga iyali na jira har bayan isha'i. A yarjejeniyarsu akwai kariya ga wanda ba ya son a riƙa wuce da shi awa tara da rabi a rana, kuma kowane direban UPS ya san darajar wannan sharaɗi.

Kamfanin ma bai ji daɗi ba. Ya amince a bainar jama'a cewa yawan tsaye-tsayen da sabon kayan ya jawo ya zarce hasashensa, kuɗin da yake kashewa ya haura. Ana cikin haka DeJoy ya sauka a watan Maris na 2025, David Steiner ya gaje shi a watan Yuli. Zuwa Oktoba, Tomé ta sanar cewa sun cimma fahimtar farko da gidan waya domin a sake miƙa masa wani ɓangare na kayan Ground Saver. Cikin shekara guda ƙunshin ya je ya dawo, kuma a duk zuwa da dawowar farashi ne ya yanke hukunci.

Adalci ya sa a dubi ɗaya ɓangaren. Ma'aikacin gidan waya shi ma ɗan ƙwadago ne mai ƙungiya da iyali, kuma abincinsa ya dogara da waɗannan ƙunshin. Wasiƙun ajin farko sun kai ƙololuwarsu a 2001 da sama da biliyan 103 a shekara, yanzu ba su kai rabin haka ba. Hukumar tana rayuwa ne da cinikinta, kuma a shekarar kuɗi ta 2024 ta yi asarar dala biliyan 9.5. Ga shi doka ta wajabta mata kai saƙo ko'ina da riba ko babu, har ƙauyen Supai na jihar Arizona, a cikin kwazazzabon Grand Canyon, inda alfadarai ke sauka da jakunkunan wasiƙu. Da aka raba gari a Janairun 2025, masu karɓar kaya ta akwatin gidan waya da sojojin da ke sansanonin ƙetare sun rasa wannan hanya mai rahusa, domin gidan waya ne kaɗai ke isa gare su.

Don haka ba za a ce miƙa ƙunshi ga gidan waya laifi ne ba. Akwai wuraren da babu mai kai shi sai shi. Amma damuwar direbobi tana da tushe, kuma abin da ya kare su a tsawon shekarun nan shi ne iyakar da suka sa aka rubuta da lamba, ta nauyi da girma da irin adireshi, wadda wakilin ƙungiya zai iya ɗora kwali a sikeli ya tabbatar an karya ta. Mai saye kuma ya cancanci a faɗa masa tun wurin biyan kuɗi wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, domin ya san inda zai kai kuka.

Edita, akwai 'yan uwanmu Hausawa daga Nijar da Ghana da Najeriya mazauna unguwannin Bronx da Harlem a birnin New York, kuma a cikinsu akwai masu neman abinci da tuƙi da kai saƙo. Ina roƙon jaridarku ta tuntuɓi irinsu ta ji daga bakinsu, ta kuma ci gaba da bibiyar wannan batu, domin yarjejeniyar UPS da Teamsters za ta ƙare ne ranar 31 ga Yuli, 2028.



Naku,
Wani mai karanta jaridarku a kullum