Wanda ya ce maka birkin gaba na kayar da mutum bai gama ba ka labari ba

Zare ne mai tsawo, wanda zai ji haushi ya tanadi ruwan sanyi. Magana zan yi a kan birkin gaba, wannan hannun na dama da yawancinmu masu babur muka mayar wurin rataya leda.

Gobe in ka je makaranta, tsaya wurin fakin ka roƙi abokanka su bari ka matsa hannun birkinsu. Za ka samu wanda hannun ke tafiya har ya taɓa totur tayar ba ta san ana yi ba. Za ka samu wanda wayar ta tsinke tun bara. Za ka samu wanda ya cire hannun gaba ɗaya, wai yana tare masa yatsu.

Ka tambaye su dalili, amsar ɗaya ce kamar sun haddace ta a aji ɗaya: "Kai, birkin gaba ai kayar da mutum yake."

Wa ya faɗa maka? Wanda ya koya maka babur. Shi wa ya faɗa masa? Wanda ya koya masa. Haka maganar ta yi ta gangarowa, babu wanda ya taɓa tsayawa ya gwada a fili.

Abin da ya fi ba ni takaici, har da wasu makanikai a ciki. Ka fitar da sabon babur daga kwali, a haɗa maka, kafin ka biya kuɗin haɗi an sassauta na gaban, wai taimakonka aka yi. Malam, da kuɗinka ka sayi birki biyu, an miƙo maka ɗaya, kana ta godiya.

To bari mu yi maganar abin da ke faruwa in ka taka birki. Ba sai ka karanta injiniya ba, duk wanda ya taɓa shiga adaidaita sahu ya sani. Direba na taka birki, ina jikinka ke tafiya? Gaba. Babur ma haka. Nauyinka da na mashin duk su koma kan tayar gaba su danne ta a kwalta, ta baya kuma ta yi sakayau.

Taya kuwa iya nauyin da ke kanta, iya riƙon da take yi wa ƙasa. Wato a daidai lokacin da ka fi buƙatar tsayawa, tayar da ka dogara da ita ce ta rasa nauyi. Ka ƙara danna ƙafa, sai ta kulle, ta fara jan ƙasa, bayan babur ya fara kaɗa wutsiya. Kana jin ƙiiiii kana ganin kai gwani ne, alhali tayar da ke jan ƙasa ta riga ta saki kwalta, zamewa kawai kake.

Shi ya sa masu koyar da tuƙin babur ke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a gaba yake. Kai kuma ka zubar da 70 ɗin ka rungumi 30, ka hau titi kana gasa da tifa.

Ga lissafi kaɗan. In kana gudun kilomita 60 a awa, kusan mita 17 kake ci a kowane sakan. Yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo, kafin idonka ya kai saƙo ƙafarka ta motsa, mita 17 ɗin nan ta tafi, ba ka ma fara tsayawa ba. Sannan nisan da birki ke buƙata ba ya tafiya daidai da gudu. Ka ninka gudu daga 30 zuwa 60, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. A kan wannan kuma ka zo ka ƙara kusan ninka shi da hannunka saboda ka ƙi taɓa na gaba.

Ka tsaya a mita ashirin ko ka tsaya a mita arba'in, tsakaninsu nan ne yaron yake tsaye.

Yanzu, tsakani da Allah, tsoron nan yana da tushe, ba zan ce mutane ƙarya suke ba. Birkin gaba yana kayarwa. Amma ku lura da yadda yake kayarwar.

Da yawanmu a keke muka fara. A keke kai ka fi abin hawan nauyi nesa ba kusa ba, kuma kana zaune can sama, ka damƙe na gaba sai ka tashi ta saman kan keken ka sauka da haɓa. Wannan tabon ne muka ɗauko muka kawo kan babur. Amma Boxer ta haura kilo ɗari, injinta na can ƙasa, kuma birkinta na kwano ne gaba da baya. Ta ɗaga baya ta wurgo ka ta sama ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ke kayar da mutane shi ne tayar gaba ta kulle ta zame gefe. Yaushe take yi? In ka fizge hannun lokaci ɗaya cikin firgita. In kana tsakiyar kwana babur a karkace. In kana kan yashi, ko tsakuwa, ko inda tanka ta zubar da gas, ko ruwan farko na damina da ya tashi dauɗar kwalta. In tayarka ta suɗe ta zama kamar tafin hannu.

Kun ga a nan babu inda birkin ya yi laifi. Hannu ne da ba a koya masa ba, da taya da ba a kula da ita ba. Kuma mutumin da bai taɓa amfani da na gaba ba, ranar da ya firgita shi ne zai fizge shi da ƙarfin tsiya, don hannu ba ya shawara da kai a irin wannan lokacin. Ya faɗi, ya tashi yana kakkaɓe wando yana cewa "ba na faɗa muku ba?" An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Matsawa ake yi, sannu sannu ana ƙarawa, kamar mai tatsar saniya. Ba damƙar ɓarawo a kasuwa ba ce. Ka saki totur, ka ɗan taɓa hannun har ka ji gaban babur ya dusa, wannan dusawar ita ce nauyi ya sauka kan taya, daga nan sai ka ƙara ƙarfi, ƙafarka kuma na taimakawa a baya. Duk wannan cikin sakan ɗaya ne in hannu ya saba.

Na baya ma yana da ranarsa, kar wani ya ce na ce a cire shi. Cikin lungu mai rairayi, ko juyawa a hankali a wuri matsattse, ko cunkoson kasuwa inda tafiyar ba ta fi ta ƙafa ba, na baya ne sarki. In ka ɗauko mutum ko buhu, baya na samun nauyi, riƙonsa na ƙaruwa. Wannan ne ma ya sa 'yan acaba da kabu-kabu ke ganin na baya ya ishe su. Sun manta nauyin da ya ƙara wa tayar riƙo shi ne kuma ya ƙara abin da za a tsayar.

Ku je ku duba ƙasar da ake ƙera Boxer ɗin. A Indiya, tun Afrilun 2019 duk sabon babur da injinsa ya wuce 125cc dole ya zo da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa. Ƙananan kuma aƙalla su zo da CBS, wato haɗaɗɗen birki, kana taka na baya shi da kansa zai ja na gaba. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Sun san mutanensu ma na da irin ɗabi'armu ta dogara da ƙafa, sai suka ɗaure birkin biyu tare ta yadda ko ba ka so sai na gaba ya yi aiki. Can gwamnati na tilasta wa kamfani ya ja maka na gaba, nan kai kana biyan bakanike ya kashe shi.

Mu dai akwai mu da wayon banza in aka zo maganar kare kai. A Janairun 2009 da aka fara tilasta hular kwano, wasu ƙwarya suka kifa a ka suka hau titi, har labarin ya zaga duniya ana dariya. Amma wannan zaren daban ne.

Mu koma gareji. Gyaran birkin gaba na cikin mafi arha a jikin babur, shi ya sa uzurin "babu kuɗi" ba ya shiga kaina. A ƙarshen wayar, can jikin taya, akwai ɗan noti. Ka ɗaga gaban babur, ka juya notin kaɗan kaɗan har hannun ya fara kamawa bayan ɗan wasa kamar faɗin yatsa, sannan ka juya tayar ka tabbatar tana gudu ba ta gogawa. Minti biyar. Ka ɗiga wa wayar mai don kar ta ƙage. In ka ga silin wayar ya fara warwarewa kusa da hannu, kar ka jira, ranar da za ta tsinke ba za ta aiko maka saƙo ba.

In noti ya kai ƙarshe birki bai kama ba, takalmin birkin da ke cikin kwano ya cinye, canzawa ake yi. A nan ne wasu makanikai ke yin abin da ke ba ni tsoro. Maimakon su ce ka sayi sabo, sai su zare ɗan ƙarfen da waya ke ja su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu, ko su yanko gwangwani su cusa a ciki. Birki ya dawo yana kamawa, kai ka ji daɗi an rage maka kuɗi. Amma abin da ke buɗa takalman yanzu yana juyawa fiye da yadda aka ƙera shi, wata rana zai juya ya maƙale, taya ta kulle ta ƙi saki. Ka ga irin wannan birkin kam yana kayarwa, kuma gobe za a ƙara shi cikin hujjojin "na gaba mugu ne".

Kar a bari giris ko baƙin mai ya shiga kwanon. In ka ratsa ruwa da damina, ka ɗan riƙa matsawa kana tafiya a hankali har ya bushe, don jiƙaƙƙen birkin kwano sai ka matsa ka ji kamar babu.

Sai iska. Mai faci ya ɗura, ya ɗan buga tayar da sifana, ya ce "ta yi". Ta yi me? Yawancin ƙananan baburanmu wajen 25 suke so a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya, yana nan a ɗan littafin da ka jefar ranar da ka sayi mashin. Taya ta yi tauri kamar dutse, wurin da take taɓa ƙasa ya ragu, ga shi dama bai fi tafin hannu ba. Ka ce ya sa ma'auni. In ba shi da shi, akwai wani mai facin a gaba.

Kuma don Allah a daina mayar da tsohuwar taya gaba wai "ai gaba ba ta ɗaukar kaya". Ta baya ta zame kana iya kamo babur. Ta gaba ta zame, kafin ka ce innalillahi kana ƙasa.

Na san masu "in kwana ya ƙare ko da birki goma ne" suna nan tafe. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma kai ɗin nan kwaɗo biyu kake sa wa babur, ka ɗaura sarƙa a turke, ka leƙo ta taga sau uku ana tsakiyar lakca. A kan ɓarawo ba ka taɓa cewa in rabonsa ne zai ɗauka ba. Sai a kan ƙafarka da ƙashin bayanka ne tawakkalinka ke tashi?

Kuma da kai kaɗai abin zai shafa da sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa sun jingine mota sun koma babur: ma'aikata, malamanmu, iyaye masu kai yara makaranta, biyu a baya ɗaya a kan tanki. Da yawansu a makon da suka saya suka koya, kuma darasin farko da aka ba su shi ne "kar ka taɓa na dama". Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ya ga yadda ƙarfe ke fita daga ƙaurin saurayi. Wata nawa ke nan ba lakca, ba kasuwa, uwa na kwana a kan tabarma a gefen gado?

Ku kuma 'yan kwalliya, ina gaishe ku. Fitila mai launi bakwai, hon na tirela, salansa an fasa ta tana tashin unguwa, madubi an cire an ajiye a gida wai yana sa babur ya yi kama da na dattijo. Duk wannan akwai kuɗinsa. Wayar birki ce dai ta gagara.

Wanda bai yarda ba, ba sai mun yi ta musu a nan ba. A samu fili mai kwalta da babu mota, ranar Asabar da safe. A ja layi da gawayi. Ka taho da gudun 30, kana isa layin ka taka na baya kaɗai, a sa dutse inda ka tsaya. Ka koma ka sake, wannan karon da duka biyun, a hankali, babur a miƙe, hular kwano a ka. Yi sau goma kafin ka ƙara gudu. Sai ka auna tsakanin duwatsun da takunka, ka ɗauki hoto ka ajiye mana a ƙarƙashin zaren nan. Ka taho da bakanikenka ma, shi ne zai riƙe gawayin.